Sheƙa a Ƙarƙashin Busassun Ganyaye: Neman Tsuntsun Tanderu a Filayen Kanada

Mun bar birnin Winifeg da hantsi, a mako na biyu na watan Yuni, mu uku a motar yayana: shi yana tuƙi, ni ina gefensa, a kujerar baya kuma akwai wani dattijo maƙwabcinsa, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya duƙufa ga bin tsuntsaye. Tun ranar da muka fara gaisawa nake ce masa Baba, kamar yadda za a kira sa'ansa a gida, shi kuma ya karɓi sunan da hannu biyu. Asalin tafiyar wata tambaya ce da ya yi mini a wajen cin abincin dare, da ya ji cewa aikin gandun daji nake yi a arewacin Nijeriya. Ya ce, da me kuke gane cewa wuri ya zama kurmi? Na ba shi amsar da na saba bayarwa a ofis, wato yawan bishiyoyi a kowace hekta, da kaurinsu, da faɗin inuwarsu. Ya jinjina kai, sannan ya ce akwai wani ɗan tsuntsu a ƙasarsu da ke da nasa ma'aunin, kuma idan ina da 'yan kwanaki zai kai ni in ga inda yake yarda ya yi sheƙa da inda yake ƙi.

Yamma da Winifeg ƙasa a shimfiɗe take kamar faifai, baƙa wuluk, gonakin alkama da na kanola sun fara tsirowa har iyakar ganin ido. Baba ya ce gindin wani tsohon tafki muke takawa, tafkin Agassiz, wanda narkakkiyar ƙanƙara ta tara shekaru dubbai da suka wuce, ya janye ya bar wannan laka mai albarka. Tsuntsayen da muke gani a kan turakun shinge duk na fili ne: wani mai rawayan ƙirji da baƙin zane a wuya, wani kuma baƙi mai jan kafaɗa da ke lilo a kan ciyawar fadama. Bayan garin Portage la Prairie muka kama hanya mai lamba 16, muka ratsa Neepawa da Minnedosa, sai ƙasar ta fara tudu da gangare, ƙananan kududdufai cike da agwagin ruwa suka yawaita, kuma nan da can aka fara ganin curin bishiyoyi masu farin jiki tsaye a tsakiyar gonaki.

Waɗannan bishiyoyi su ne asfen, kuma sai an fahimce su za a fahimci labarin tsuntsun da muka fito nema. Ƙotar ganyensu a baje take, don haka ko iska kaɗan ta taɓa su sai su hau karkarwa da wani sauti kamar yayyafi a kan rufin kwano. Ba kasafai suke yaɗuwa ta iri ba. Saiwa ce ke bi ta ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sababbin tsirrai, har ta kai curi guda mai ɗaruruwan itatuwa yana iya zama asalinsa bishiya ɗaya. Yankin da suke gauraye da ciyawa ya yi ɗamara tun daga Manitoba, ya ratsa Saskacewan, ya shiga Albata, tsakanin tsantsar filin ciyawa na kudu da babban dajin arewa. A da can gobarar daji da fari da garkunan ɓaunar Amurka ne ke tura bishiyoyin baya, shekarun ruwa kuma su dawo da su gaba. Da manoma 'yan ƙaura daga Turai suka iso, garma ta cinye mafi yawan yankin, ciyawa da kurmi gaba ɗaya, abin da ya rage sai waɗannan curi-curi da kuma 'yan manyan tuddai da noma bai hau ba.

Ɗaya daga cikin tuddan nan muka nufa. Da la'asar muka juya arewa a kan hanya mai lamba 10, ƙasa ta riƙa hawa a hankali har muka iso ƙofar gandun dajin Riding Mountain, wanda aka buɗe a hukumance a 1933, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,000. Ban taɓa ganin iyakar daji mai kaifi irin wannan ba: inda gona ta ƙare nan kurmi ya fara, kamar an ja da igiyar awo. Yaya ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam a wayarsa ya miƙo mini, sai ga gandun ya fito kore shar, gefunansa a miƙe, gonaki masu kusurwa huɗu sun kewaye shi ta ko'ina kamar tsibiri a tsakiyar ruwa. Tudun ya haura mita 700 daga saman teku, kuma wannan ɗan tsayin ne ke jawo masa ƙarin ruwan sama da sanyi, har bishiyoyi su samu abin da filin ƙasa ya hana su.

A wannan lokaci na shekara dare gajere ne ƙwarai a can. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 saura, kuma kafin ƙarfe 4 alfijir ya keto. Ni da Yaya muka yi sallar asuba a masaukinmu na Wasagaming, ɗan garin da ke bakin tafkin Clear Lake, muka fito muka tarar da Baba a shirye da butar shayinsa da na'urar hangen nesa rataye a wuya. Ya sa muka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, wadda watan Yuni ne lokacinta, ya kuma gargaɗe mu da mu riƙa ɗaga murya a duk kwanar da ba ma ganin gaba, domin akwai baƙaƙen beyar a dajin kuma ba sa son a yi musu ba-zata. Muka bi wata siririyar hanyar ƙafa cikin tsofaffin asfen da dogayen itatuwan sifurus, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa, sauro kuma ya yi mana rakiya.

Ba mu yi tafiyar minti 10 ba sai Baba ya ɗaga hannu. Daga can cikin duhuwa wata murya ta taso, ƙasa-ƙasa da farko, tana maimaita gaɓa biyu, kowace maimaitawa ta fi ta baya ƙarfi, har ta ƙarshe ta cika kurmin: ti-ca, ti-ca, ti-ca, ti-ca, kusan sau goma a jere. Kunnen Bahaushe ba zai ji komai ba sai ɗalibi yana kiran tica, kuma Turawan ƙasar ma haka suke ji. Kafin sautin ya gama mutuwa wani ya amsa daga dama, yana rufe baki na uku ya karɓa daga nesa. Baba ya ce haka mazan suke yi, maƙwabci yana jiran maƙwabci ya gama sannan ya ɗora nasa, kuma ta haka kowa ke sanar da iyakar gonarsa. Ya fito da takarda yana ɗiga alama a inda kowace murya ta fito, kafin mu bar wurin ya ƙirga maza huɗu. Da kunne ake yawancin wannan aiki. Ya ba ni labarin ƙidayar tsuntsaye masu hayayyafa da ake yi a Amurka da Kanada tun 1966, wadda shi ma ya daɗe yana ba da gudummawa a cikinta: ɗan sa-kai yana bin hanya guda da asuba, ya tsaya sau 50, tsakanin kowace tsayawa mita 800, a kowace ya yi minti 3 yana rubuta duk abin da ya ji ko ya gani.

Jin tsuntsun ba wuya, ganinsa ne aiki, domin muryarsa tana yaudarar kunne, ka ɗauka yana gabanka alhali yana can gefe. Mun kai rabin awa kafin Yaya ya taɓa ni ya nuna wani reshe da bai fi tsayin mutum biyu ba. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa kimanin santimita 14, nauyinsa wajen giram 20, bayansa ruwan ƙasa mai sirkin kore, ƙirjinsa fari da baƙaƙen ɗigo a jere, idonsa da farin zobe kamar an zana masa, a tsakar kansa kuma akwai tsiri ruwan goro tsakanin baƙaƙen layuka biyu. Yana rera waƙar da dukan jikinsa, kai a sama, wutsiya tana rawa. Da ya gama sai ya sauko ƙasa, a nan ne na ga abin da ya bambanta shi da danginsa masu tsalle a kan rassa: tafiya yake yi, ƙafa bayan ƙafa, yana gyaɗa kai kamar kaza a wajen kiwo, wutsiya a ɗage, yana leƙa ƙarƙashin busassun ganyaye yana tsintar abin da ya samu. Mutanen ƙasar suna ce masa obinbad, wato tsuntsun tanderu, masana kuma suna rubuta shi Seiurus aurocapilla.

Da muka zauna shan shayi a kan wani faɗaɗɗen gungume, Baba ya shimfiɗa taswira ya nuna mini inda tsuntsun ke hayayyafa. Yankin yana da girma ƙwarai, tun daga arewa maso gabashin British Columbia har tsibirin Newfoundland a bakin Tekun Atlantika, ya gangara ta gabashin Amurka har arewacin Jojiya. A arewacin jihohin filayen nan uku, wato Manitoba da Saskacewan da Albata, inda daji yake a haɗe, launin taswirar a cike yake. Amma da yatsansa ya gangaro kudu sai launin ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo: Riding Mountain inda muke zaune, Turtle Mountain a kan iyakar Amurka, Moose Mountain a kudu maso gabashin Saskacewan, Cypress Hills can yamma, da Black Hills a Dakota ta Kudu. Kowane ɗigo tudu ne mai kurmi, tsakaninsu kuwa ɗaruruwan kilomita ne na gonaki da ciyawa inda tsuntsun ba ya zama. Kuma duk wannan zama na ɗan lokaci ne. Yana isowa a tsakiyar Mayu, maza a gaba, mata daga baya, zuwa Satumba ya juya, yana tafiya da dare, ya je ya ci hunturu a Fulorida da Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan irin su Kyuba da Jamaika, wasu har arewacin Kolombiya da Benezuwela. Fitilun dogayen gine-gine da gilasan tagogi suna hallaka da yawa daga cikinsu a hanya, domin yana cikin tsuntsayen da aka fi tsintar gawarsu a gindin benaye a lokacin ƙaura.

Sheƙar kuwa, Baba bai yi mini alkawarin ganinta ba, domin ya ce akan shekara ana nema ba a dace ba. A rana ta biyu, muna komowa wajen ƙarfe 8 na safe, wani abu ya fito a guje daga gefen hanya, taku biyu daga takalmin Yaya, yana rarrafe cikin ganyaye kamar ɓera. Da ya ɗan yi nisa sai ya baje fuka-fuki yana jan su a ƙasa kamar wanda ya karye. Baba ya ce a hankali, «Kada kowa ya ɗaga ƙafa.» Uwar ce, tana ƙoƙarin janye mu daga wurin. Muka tsaya cik muna duban ƙasa, ni dai ban ga komai ba sai ganyaye, har sai da ya durƙusa daga kan hanya ya nuna mini da tsinke wani ɗan tudu da bai fi taƙi ɗaya ba a faɗi. Daga sama ba shi da bambanci da sauran shara. Sai da na kwantar da kaina kusa da ƙasa na hango ƙofar a gefe, 'yar tsaga mai faɗin yatsu uku, a ciki kuma ƙwai biyar farare masu ɗigon ja-ja da ya taru ya yi musu rawani a ɓangaren da ya fi kauri.

Turawan farko da suka ga wannan gini sun tuna da tanderun gasa burodi mai ƙofa a gefe, shi ya sa suka raɗa wa tsuntsun sunan. Ni kuwa akurkin kaji na gani, irin wanda ake ginawa a bayan ɗaki a ƙauye, mai zagayayyen rufi da 'yar ƙofa guda. Macen ce kaɗai ke gina shi, cikin kwana biyar ko makamancin haka. Takan share ɗan gurbi a cikin ganyaye, ta saƙa ciyawa da ɓawon itace da siraran saiwoyi ta tayar da rufi, ta lulluɓe shi da busassun ganyen wurin, sannan ta shimfiɗa gashin dabba a ciki, galibi na barewa ko na doki. Ƙwai uku zuwa shida take yi, ɗaya a kowace safiya, ita kaɗai take kwanci na kimanin kwana 12, kuma 'ya'yan ba sa wuce kwana 8 zuwa 10 a ciki. Wannan gaggawa tana da dalili, domin sheƙar da ke ƙasa tana kan hanyar kowa: kurege, da maciji, da hankaka da danginsa, duk masu cin ƙwai ne. Yawanci sau ɗaya take ƙyanƙyasa a shekara, sai dai idan an ɓata ta farko ta sake wata.

Ba mu kai minti ɗaya a wurin ba. Baba ya tashe mu, ya ce mu ci gaba da tafiya ta inda muka dosa, kada sawunmu ya ƙare a bakin sheƙar ya zama jagora ga mai bin wari. Ya ƙara da cewa doka ma ta hana taɓa ta, tun yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada. Ban ɗauki hoto ba, kuma ban yi nadama ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya yi bayan mun yi nisa. Ya tsuguna ya tura hannu cikin ganyayen ƙasa har wuyan hannu, ya ɗago su ya nuna mini hawa-hawa: na bara a sama, busassu masu ƙara, na bariya a ƙarƙashinsu, masu laushi da danshi, can ƙasa kuma baƙin ruɓaɓɓen gari mai ƙamshin ƙasar farkon damina. Cikin tafin hannunsa akwai tururuwa, da ƙananan buzuzu, da gizo-gizo, da wani ɗan dodon koɗi kamar ƙwayar gero. Ya ce, «Ga gonarsa, ga kuma kayan gininsa.» Faɗin yankin da kowane namiji ke karewa yana bin yawan wannan abinci ne; inda ƙwari suka wadata yankin kan tsuke, maza su yi kusa da juna, inda suka yi ƙaranci kuma ya faɗaɗa har ya haura hekta guda. Ganyayen nan ba sa taruwa haka sai a ƙarƙashin manyan bishiyoyi da suka haɗe kai suka hana rana da iska busar da ƙasa. Akwai ma wata barazana da ban taɓa zato ba, wato tana. Ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasar a zamanin da can ita ce ta shafe tanar asali a wannan yanki, dazuzzukan suka girma babu ita, sai irin ta Turai ta shigo ta cikin ƙasar shuke-shuke da ragowar abin da masunta ke zubarwa a bakin tafki. Mu a gona alheri muke ganinta, amma a nan cinye shimfiɗar ganyen take yi ta bar ƙasa tsirara, kuma binciken da aka yi a dazuzzukan Wisconsin da Minnesota ya nuna tsuntsun tanderu yana raguwa a inda ta yi yawa.

Da yamma muka je wajen tafkin Audy, inda hukumar gandun ke kiwon ɗan garken ɓauna kimanin 40 a cikin wani babban shinge, ragowar dabbar da a da take yawo miliyoyi a filayen nan kafin a kusa ƙarar da ita a shekarun 1880. A tsakanin ƙafafunsu wasu baƙaƙen tsuntsaye masu kai ruwan ƙasa suna tsintar ƙwarin da kofato ya tayar, kamar yadda balbela ke bin shanu a gida. Sunansu ma tsuntsayen shanu. Ba sa yin sheƙa ko kaɗan. Macen takan laɓe ta lura da inda ƙaramin tsuntsu ke gini, ta faki ido ta saka ƙwanta a ciki, sau da yawa ta cire ɗaya daga na mai gida, kuma tana iya yin ƙwai kusan 40 a shekara. Ɗanta yana saurin ƙyanƙyashewa, ya fi 'ya'yan gida girma da ƙarfin baki, ya riƙa tare abinci. Wasu tsuntsaye sun san maganinta: akwai wani ɗan rawaya da idan ya ga baƙon ƙwai sai ya yi sabon daɓe a kansa ya binne shi. Tsuntsun tanderu ba ya yin haka, karɓa yake yi ya rena. Kariyarsa ita ce nisa, domin tsuntsuwar shanu a fili take kiwo, kuma ba ta cika kutsawa can tsakiyar babban kurmi ba.

Washegari Baba ya fitar da mu daga gandun zuwa wani curin asfen a gefen gonar wani abokinsa, wanda bai fi 'yan hektoci ba. Bishiyoyin manya ne, kuma da ma'aunin da na ba shi a Winifeg, wurin ya ci sunan kurmi. Amma ko daga tsakiyarsa ana hango hasken gona ta kowane gefe, iska tana ratsa shi, shanu sun tattake ƙasan, ganyayen sun bushe ƙayau. Namiji ɗaya muka ji, yana ta rera waƙa ba hutawa har rana ta take, babu mai amsa masa. Baba ya ce yawan waƙa a irin wannan lokaci alama ce ta wanda bai samu mace ba, domin matan sun fi maza tsantseni wajen zaɓen wuri. Masu binciken da suka bi tsuntsun a ƙananan kurmin gonaki na Saskacewan sun tarar da haka: mazan da ke can sun fi zama gwagware, kuma sheƙun da aka yi sun fi fuskantar ɓarna da ƙwan tsuntsuwar shanu fiye da na babban daji. Ko ƙara kaɗai tana yin tasiri. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga dajin Albata ya gano cewa kusa da injinan tura iskar gas masu ruri dare da rana kashi 77 cikin 100 na mazan ne suka samu mata, alhali a wuraren da babu ƙara kashi 92 ne.

Daga nan muka gangara Brandon muka kama babbar hanyar da ta ratsa Kanada, muka yi yamma fiye da kilomita 700. A garin Indian Head, kafin Rejaina, Baba ya nuna mini inda gwamnati ta yi gandun renon bishiyoyi tun 1901, wanda ya raba wa manoma dashe sama da miliyan 600 domin kare gonaki daga iska kafin a rufe shirin a 2013. Layukan bishiyoyin suna nan a kewayen gidajen gona, kuma sun tuna mini da layukan darbejiya da turare da muke dasawa a Kano da Jigawa domin tare hamada. Aiki ne mai amfani, a can da nan, yana riƙe ƙasa yana ba wasu tsuntsaye mafaka. Amma a duk tsawon wannan hanya, a duk inda muka tsaya kusa da irin waɗannan layuka na kasa kunne, ban ji ti-ca ko sau ɗaya ba. Bayan Swift Current bishiyoyi suka ƙare kusan gaba ɗaya, ciyawa ta gajarce, wata irin barewa mai farin gindi tana kallonmu daga kan tudu.

Kudu da garin Maple Creek sai ga Cypress Hills sun taso kamar bango mai duhu a ƙarshen fili. A ɓangaren Albata tsayinsu ya kai mita 1,468, kuma babu inda ya fi su tsayi a Kanada tsakanin duwatsun Rocky da Labrador. Ƙanƙarar zamanin da ma ba ta rufe ƙololuwarsu ba. Cikin minti 20 muka fita daga zafi da ƙura muka shiga inuwar dogayen itatuwan fain da sanyi mai sa neman riga. A wani kwari mai asfen da 'yar ƙorama muka yada zango, kuma tun ba mu gama sauke kaya ba muryar ta taso daga gangaren, ita ce dai, ba ta canza ba. Na tsaya ina tunanin yadda wannan ɗan abu mai nauyin giram 20 ya ƙetare duk filin da muka wuni muna ratsawa, cikin dare, ya gane wannan kwari ya sauka. Bayan magariba Baba ya kira mu bakin wata 'yar sarari, ya ce mu dubi saman bishiyoyi. Can sai wani ɗan baƙin ɗigo ya tashi sama da kawunansu yana karkaɗa fiffike, yana zubo wata waƙa dabam, doguwa mai sarƙaƙiya da daɗin ji, da ti-ca biyu ko uku a tsakiyarta, sannan ya naɗe fuka-fuki ya faɗo cikin duhu kamar an jefa dutse.

Kwana 19 bayan ganinmu na farko da sheƙar, saura kwana uku in hau jirgi, na roƙi Yaya ya sake kai ni Riding Mountain. Ya ce, «Kai da tsuntsun nan, to shirya mu tafi,» Baba kuma bai jira an gayyace shi sau biyu ba. Kurmin ya yi shiru fiye da da, waƙa sai jefi-jefi. Sheƙar tana nan a gefen hanya, rufin ya ɗan lotsa, babu kowa a ciki, babu kuma ɓawon ƙwai ko tarwatsattsen gashi da zai nuna ɓarna. Muka matsa gaba muka zauna. Bayan wani lokaci muka ji wani ɗan sauti mai kaifi, cip, cip, daga ƙarƙashin wasu ƙananan itatuwa. Baba ya raɗa mini cewa idan 'ya'yan suka fita iyayen kan raba su, uba ya riƙe wasu a cikin yankinsa, uwa ta yi gaba da sauran. Sai ga babban ya fito yana takunsa na kaza, koriyar tsutsa a baki, a bayansa kuma wani ɗan dunƙule ruwan ƙasa mai guntuwar wutsiya, wanda tsirin ruwan goro bai fito masa ba tukuna, yana bin sa da ƙafa a kan ganyayen, yana tuntuɓe yana tashi. Ya karɓi tsutsar ya haɗiye, uban ya juya ya shige duhuwa, shi ma ya bi shi.